Ranar Al'adun Kanawa a makarantarmu: yaya za mu shirya ƙaramin hawa ba tare da mun yi abin kunya ba?

Ɗan_Dala ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙungiyar ɗalibai 'yan asalin Jihar Kano a makarantarmu, wadda take wajen jihar, za ta yi Ranar Al'adu nan da mako shida. Kowace jiha ana ba ta yini guda ta nuna abin da take taƙama da shi. Kwamitinmu ya tsayar da abu huɗu: ƙaramin hawa irin na Sallah, kaɗe-kaɗe, rumfar abinci da rumfar sana'o'i. Wurin da aka ba mu filin ƙwallo ne, sai titin kwalta mai tsawon kusan rabin kilomita daga ƙofar makaranta zuwa filin. Muna sa ran mutum 300 zuwa 400.

Abin da muke nema daga iyaye da yayye masana: dawaki nawa za su isa, kuma me za mu kula da shi? Wasu sun kawo shawarar a yi wa shugaban ƙungiya shigar sarki, da laima da kakaki, shin hakan ya dace? Sai kuma abinci da kiɗan da za a gani a ce lallai wannan na Kano ne. Allah ya saka da alheri.

Mai_Barga ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Bari in ɗauki ɓangaren dawaki, sauran a bar wa masu shi.

Ku fara da rage buri. Dawaki shida zuwa takwas masu cikakken kaya, kowanne da mai riƙe shi, sun fi ashirin da aka tsinto nan da can. In da hali a ɗauko su daga barga ɗaya, domin dawakin da suka saba da juna ba su cika cizo da harbi ba idan an jera su. Kada a sa goɗiya cikin ingarmu, ita kaɗai ta isa ta wargaza muku jeri. Don ya yi kyau a ido, a haɗa launi bibbiyu, kili (fari) da kili, akawal (baƙi) da akawal, danda (mai dabbare-dabbare) kuma a bar shi a gaba. Su iso tun ana gobe, a kafa musu turke a inuwa, kuma tunda za a tsallaka jiha da su, mai dawakin ya riƙe takardar likitan dabbobi.

Wurin ɗaurin sirdi aka fi yin ɓarna. A goge bayan dokin tsaf, a bi shi da tafin hannu a ji ko akwai miki ko kumburi. Dokin da ke da miki ba a ɗora masa sirdi, ko da kun riga kun biya kuɗin haya. A shimfiɗa zubka, wato shimfiɗar ƙarƙashin sirdi, ba tare da ta nannaɗe ba, a ɗora sirdi, sannan a ja majayi, wato ɗamarar da ke ɗaure sirdi ta ƙarƙashin cikin doki. Ba a gama jan majayi a karo ɗaya, saboda doki yakan kumbura ciki da zarar ya ji ana ja. A ja daidai, a zaga da shi taku ashirin ko talatin, a ƙara ja, a kuma sake dubawa bayan mahayi ya zauna. Yatsu biyu su shiga tsakanin majayi da jikin doki, amma da ƙyar. In ya yi sako-sako, sirdi zai juya daidai lokacin da aka ja linzami, mahayi ya zo ƙasa ƙafarsa na maƙale a likkafa. In ya matse fiye da kima, zai gurje fata, dokin ya yi ta tirjiya. Kayan ado irin su jalala da bante da layu, a tabbata babu wanda yake lilo har yana dukan ƙafar doki.

Sai linzami. Namu na gargajiya yana da zafi, ƙarfensa na danna cikin baki, zoben kuma na matse haɓa, shi ya sa ƙwararre yake tsayar da doki cak da ɗan motsin hannu. Ɗalibin da bai saba ba kuwa, da ya tsorata kama-zuru, wato igiyar linzami, zai fizga, sai doki ya miƙe tsaye ko bakinsa ya yi jini. Saboda haka ku raba aiki. Ɗalibai su hau a tafi da su a hankali, zagi, mai tafiya a ƙasa gaban doki, na riƙe da ragama. Sukuwa da jahi, wato sukuwar gaisuwa da ake tsayawa cak gaban babba, a bar wa yaran bargar. Kuma kada a bai wa ɗalibi ƙaimi ko kaɗan.

A kan kwalta tafiya kawai za a yi, kofato na santsi a kanta. A bar tazarar tsawon doki ɗaya tsakanin na gaba da na baya. Jahi a cikin fili za a yi. Filin ƙwallo kusan mita 100 ne, ya isa, muddin mahaya za su ja linzami saura mita 15 zuwa 20 su kai rumfar baƙi, kuma su taho bibbiyu, ba duka a tare ba. A bi filin da ƙafa tun da safe a cike ramuka, kada a ba ciyawar ruwa ranar, a ja igiya gefe biyu a sa masu tsare yara. Ku karɓi izinin hukumar makaranta a rubuce, domin kofato zai tona filin, kada washegari a ce ku biya.

In za ku sa ɗan lifidi, ɗaya ko biyu sun wadatar. Lifidi, rigar kariya ta doki da mahayi, cushe yake da auduga, zafi gare shi ƙwarai, don haka a sa shi saura kwata a tashi, a cire da an sauka. Sulke ma a kan riga ake sa shi, in ba haka ba rana ta gasa ƙarfen ya ƙona mutum. 'Yan bindiga ku manta da su. Dokin da bai saba da ƙarar ba zai yi kan jama'a, ga kuma batun izinin 'yan sanda.

Ci da sha: harawa da ruwa da safe, amma kada a ba da hatsi cikin awa biyu kafin hawa. Bayan an sauka a yi ta zagayawa da doki har gumi ya bushe, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, hatsi sai bayan awa ɗaya. Wanda ya gaggauta zai iya jawo masa ciwon ciki, kuma ciwon cikin doki yana kisa. Doki ɗaya kan sha lita 30 zuwa 40 a yini, fiye ma in ana zafi, don haka ku tanadi durom biyu cike. A yi hawan bayan la'asar, rana ta yi sanyi.

Jikan_Dogari ya rubuta:

Malam Mai Barga ya gama magana a kan dawaki. Ni tambayarka ta biyu zan amsa, kuma amsar ita ce a'a.

Akwai abubuwan da a Kano ba ado ba ne, alamar sarauta ce. Tambari da kakaki na sarki ne. Haka laima, da figini (mafici na gashin jimina), da tagwayen masu, da takalmin gashin jimina. Rawani mai kunne biyu na sarki ne da jinin sarauta. Duk Bakanon da ya san fada, in ya ga ɗalibi da kunne biyu ana busa masa kakaki, ba burge shi za ku yi ba, zai ce yaran nan ba su san gida ba. Mai busa kakaki na gaskiya ma da wuya ya yarda ya zo. Alkyabba tana da ɗan sauƙi tunda limamai na sawa, har amare yanzu, amma in aka haɗa ta da naɗi da 'yan rakiya, to an yi da'awar sarauta ke nan.

Abin da ya dace ku kwaikwaya shi ne ayarin hakimi, ba na sarki ba. Zagage a gaba, mahaya bibbiyu, jagora a tsakiya da babbar riga da rawani marar kunne, makaɗa da mai algaita a bayansa. Kada a kira shi da sunan wata sarauta da ke da mai ita, ba Madaki ba, ba Makama ba, ba Galadima ko Ciroma ba. A ce jagoran ayari, shi ke nan. In kuna son mutane su ga kayan sarki, ku buga manyan hotuna ku kafe a rumfa da bayani a ƙasa. In kuma akwai Sarkin Hausawa a garin da kuke, ku kai masa gaisuwa tun yanzu ku gayyace shi, shi za a yi wa jahin. Jahi gaisuwa ce, dole a sami wanda ake gaisarwa.

Mai gabatarwa ya haddace tsarin hawan yadda yake. Ranar Sallah sarki yakan tafi filin Idi na Ƙofar Mata da ƙafa, ya dawo a kan doki. Washegari Hawan Daushe da yamma, inda yake zuwa gaida Mai Babban Ɗaki, wato mahaifiyar sarki, hakimai su wuce da ayarinsu ɗaya bayan ɗaya, a ƙare da jahi a Ƙofar Kudu. Rana ta uku Hawan Nassarawa, da ziyarar gidan gwamnati. Sai Hawan Ɗorayi ko na Fanisau, gwargwadon wace Sallah ce. Naku da za a yi bayan la'asar, Daushe ya fi kama da shi. Zai iya ƙarawa da cewa UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa a watan Disamba na 2024.

Game da naɗi, ku nemo wanda ya iya, mutum ɗaya ya naɗa wa kowa, kada kowa ya yi nasa. A kan hula ake naɗawa, kuma hular ta kama kai sosai, in ba haka ba da doki ya fara taƙama rawanin zai zamo ya rufe ido. A bar amawali, wato ɓangaren rawani da ke zagaye haɓa, da tsawon da zai rufe haɓa ya kai baki in an ja shi. A cikin rawuna, harsa fari ya fi sauƙin sha'ani. Ɗan Kura ya fi ƙyalli, kuma shi ne na gida tunda a garin Kura ake rina shi, sai dai yana zuba, da gumi ya taɓa shi zai shafa shuɗin baba a wuyan farar riga, kuma ba ya fita da wanki ɗaya. Mai ɗan Kura ya sa riga mai duhu, kore (riga mai baƙin shuɗi) ko saƙi. Hannun babbar riga a naɗe shi a kafaɗa kafin a hau, kada ya sarƙe da kama-zuru, a sa wando mai kamun ƙafa da kurufai, wato dogayen takalman hawa, ba silifa ba. Masu shigar dogarai, ja da kore ne launin. Wata 'yar shawara kuma: kada ku ɗinka wa 'yan kwamiti jar hula iri ɗaya, kun san ma'anar da take da ita a siyasar Kano yanzu, taron kuwa na kowa ne.

Bazazzage ya rubuta:

To Kanawan Dabo, ashe ko da me ka zo an fi ka ɗin ma sai an zo zaure an tambaya? Bari dai in taimaka muku, kada ku je ku ba Arewa kunya.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe a irin wannan rana shi ne kwashe duk abin da ke ƙasar Hausa su ce na jiharsu ne. Gora da homar kamun kifi na Argungu ne, Jihar Kebbi. Rijiyar Kusugu da Hawan Magajiya na Daura ne, hasumiyar Gobarau ta Katsina ce. Hawan Bariki sunan da mu da Katsinawa muke amfani da shi ne, kada mai gabatarwarku ya ara. Kuma a duba taswirar da za a rataya. An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, amma tun 1991 aka cire Jigawa daga cikinta, don haka Haɗeja da Gumel da Kazaure da Dutse da Ringim ba naku ba ne yanzu, kuma 'yan Jigawa suna nan cikin masu kallo. Ƙananan hukumominku 44 ne. Abin da yake naku ya ishe ku: Dala da Gwauron Dutse, ganuwa da ƙofofinta, Gidan Rumfa, Gidan Makama, Kasuwar Kurmi. Dabon da ke cikin kirarinku Sarki Ibrahim Dabo ne, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, Muhammadu Rumfa kuma daga 1463 zuwa 1499. A rubuta wa mai gabatarwa waɗannan a takarda, domin za a sami Bazazzagen da zai tambaya.

Batun kiɗa, kowane kiɗa da masu shi. Kalangu na mahauta ne, shi ake yi wa 'yan dambe. Dundufa ta maƙera ce, gangar noma ta manoma, kotso da taushi na mawaƙan fada, kiɗan ƙwarya da shantu na mata. In za a nuna dambe a kira mai kalangu, in 'yan hoto ne, masu wasan cilla garma sama, a kawo ganga. A yi dambe na nuni kawai, turmi ɗaya, ba kisa, wato ba kayar da abokin karawa. 'Yan tauri ban ba ku shawara ba, makaranta ba za ta so ganin wuƙaƙe ba, kuma da ɗalibi ɗaya ya ce zai gwada an shiga uku. Rawar koroso ta fi dacewa da fili, kuma Kano aka fi saninta da ita.

Kada a ajiye ganguna a rana ko a kan ciyawa mai raɓa, fata na saki da danshi, sauti ya mutu. A ba makaɗa lasifikarsu daban, kuma a kashe na'urar kiɗan zamani ɗungurum yayin da ayari ke tafiya. In aka haɗa algaita da kiɗan lasifika babu wanda za a ji, dawaki ma firgita suke in an wuce da su kusa da manyan lasifikoki.

Uwar_Ɗaki ta rubuta:

Ɗana, ban ga mata a cikin tsarinku ba sai a bakin murhu. A ware wa 'yan matan lokacinsu a fili, kiɗan ƙwarya da gaɗa, kafin dawaki su shigo. Ƙwarya uku ake kifawa, ɗaya a cikin ruwa, kuma a jiƙa ta tun da wuri a duba ba ta da tsaguwa.

Abinci kuwa, kada ku yi kala goma. Gurasa ce ta Kano, a sa ta a gaba. A yi bandashe a gaban mai ci: a tsoma gurasar a ruwa a cire nan take, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a ɗora albasa da tumatir. In aka haɗa tun safe a jibge, kafin azahar ta zama kwaɓaɓɓiya. Gurasar kanta kada ta wuce kwana ɗaya, kuma a bari ta huce kafin a sa a leda, in an ƙulle ta da zafi gumi za ta yi ta fara wari. Mutum 400 ba duka za su ci ba, kuma ɗanɗano ake bayarwa, ba ƙoshi ba. A raba kowace gurasa huɗu, guda 100 sun isa.

Sai ɗanwake, shi ma a gaban jama'a. Ruwa ya tafasa sosai kafin a fara sakawa, kanwa kaɗan, in ta yi yawa zai yi ɗaci ya yi duhu, in kuka ta yi kaɗan kuma zai narke a tukunya. In za ku yi waina, a jiƙa shinkafar tuwo awa shida zuwa takwas, a niƙa da 'yar dafaffiyar shinkafa, a sa yis a rufe. A lokacin zafi ƙullu kan tashi cikin awa uku ko huɗu, in ya wuce haka tsami zai yi, don haka a kwaɓa kashi biyu, na safe da na rana. Ku gwada mudu ɗaya a tandar da za ku yi amfani da ita tun mako guda kafin ranar, ku ƙirga nawa ta fitar, da wannan za ku yi lissafi, domin tanda ta bambanta. Fura a ajiye ta curi-curi, nono cikin ƙanƙara, a dama sai an zo sha. Zoɓo da kunun zaƙi a yi su da asubar ranar, kunun da ya kwana ba wuta kumfa zai yi ya ɓata wa mutane ciki. Alkaki da nakiya da dubulan su ne za a iya yi tun kwana uku kafin nan.

Rumfar sana'a kuma, na san za a ce a yi rini irin na Ƙofar Mata. Ba ya yiwuwa a yini ɗaya. Baba da toka da ake haɗawa a karofi, wato ramin rini, sai sun yi kwanaki suna tsima kafin su kama zane. Ku sayo rinannun zannuwa, da guda biyu ko uku da aka ƙulle ba a rina ba, mutane su ga yadda ƙulli ke fitar da zane. Abin da za a iya nunawa kai tsaye shi ne bugu, a kawo gungume da mabugi a buga shuɗin yadi har ya yi ƙyalli. A samo baduku ɗaya da mai ɗinkin hula su zauna suna aikinsu. Kuma rumfar abinci ta yi nesa da turken dawaki, ta ɓangaren da iska ke fitowa, saboda ƙuda.

Ɗan_Dala ya rubuta:

Mun gode Baba Mai Barga, mun gode Hajiya, Allah ya ƙara girma. An janye maganar shigar sarki. Bazazzage kuma mun ji, za mu ajiye maka kujera a rana. Saura tambaya ɗaya: mai dawakin ya ce gwaji ba dole ba ne tunda dawakinsa sun saba hawan Sallah. Mu yarda?

Mai_Barga ya rubuta:

Kada ku yarda. Dawakinsa sun saba, ɗalibanku ba su saba ba, kuma dawakin ba su san wannan filin ba. A yi gwaji da yammacin ranar da suka iso, a daidai lokacin da za a yi hawan, da makaɗan da lasifikar a kunne, kowane ɗalibi a kan dokin da zai hau kuma cikin babbar rigarsa. A nan za a daidaita tsawon likkafa, a ga dokin da ba ya son na kusa da shi a canja masa wuri, a kafa alama inda masu jahi za su ja linzami. Ɗalibin da ya kasa zama daidai a gwaji a mayar da shi cikin zagage. Ku rubuta da mai dawakin wa zai ɗauki nauyi in doki ya ji rauni ko ya ji wa wani, kowa ya sa hannu, kuma motar asibitin makaranta ta tsaya a bakin fili har a sauke sirdi na ƙarshe. In an yi ruwan sama ranar, a soke sukuwa, a yi jahin a tsaye.